Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Comic Sans

Malam Comic Sans,

A gaida Alhaji Times New Roman, in girman kai ya bar shi ya amsa.

Zagin da kake sha ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ai lokacin da Vincent Connare ya zana ka a kamfanin Microsoft a 1994, ba don kotu ko banki aka yi ka ba. Wani karen zane ne a manhajar Microsoft Bob yake magana da haruffan Times New Roman, Connare ya ga abin bai dace da bakin kare ba, sai ya kwaikwayi rubutun hannun da ke cikin littattafan labarin zane. Ko Bob ɗin ma ba ka samu shiga ba. A zamanin Windows 95 ka fito duniya.

Kuma kana da kyau daidai gwargwado, kada wani ya ruɗe ka. Ba ƙaho ba ƙafa a bakin haruffanka, ko'ina a mulmule, layukanka na ɗan tangaɗi. Harafinka na "a" shi ne wanda malamar firamare ke rubutawa a allo, shi ya sa katin biki da littafin 'yan aji ɗaya suke karɓarka.

Matsalar ita ce ba ka san ƙin gayyata ba. A 2010, Dan Gilbert, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland Cavaliers, ya fusata da tafiyar ɗan wasansa LeBron James, ya zazzaga fushinsa da haruffanka. Jama'a suka bar fushin suka kama dariya. A 2012 masanan cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka sanar da gano ƙwayar Higgs, kai ne a kan majigi. Haba Malam! Kamar mai kalangu a zaman makoki. Ba mamaki da aka yi gangamin a haramta ka a Amurka.

Sai ga shi a 2011 Terrance Weinzierl ya koya maka karkata gefen dama, wai rubutun tsutsa. Da ma can a tsaye ba ka cika natsuwa ba, yanzu kuma har da rangwaɗa. To, Allah ya sa alheri.

Roƙona ɗaya ne. Tunda har ka samu lokacin koyon rangwaɗa, ka koyi ƙ da ɗ da ɓ. In Bahaushe ya rubuta "ƙasa" da kai, sai kwamfuta ta aro harafin farko daga maƙwabci, in ya gaji ya bar shi a "kasa". Yaranmu na aji ɗaya su ne suka fi kowa buƙatarka, ka zo musu da lanƙwasa.

Wassalam,
Naka mai ƙaunarka duk da haka.