Ɗigo-ɗigon Ƙumshiya

In kana son ganin halinmu ba lulluɓi, ka shiga shagon taifin a Gusau lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet, ka samu benci ka zauna, ka jira a iso shafin ƙumshiya. Babi biyar sun bugu lafiya, godiya ta ci shafi biyu har da mai shayin bakin makaranta, sadaukarwa ta sauka, tsakure ya zauna daram, saura wannan shafi guda da aikinsa kawai ya ce abu kaza na shafi kaza. To a nan ne za ka ji salati daga bakin mai taifin da mai aikin a lokaci ɗaya, janareta na ta ƙugi a waje tana shan man da ba wanda ya shirya saye.

Kada mu ɗora wa kwamfuta laifi tukuna. Mu mutane ne da Allah bai ba mu haƙurin gajeren suna ba. Ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko ɗaliba daga kwalejin horon malamai, ko wani da ya taso tun asuba daga makarantar kiwon lafiya ta Tsafe, duk hannunsu ɗaya: kan magana sai ya faɗi abin da za a nazarta, da waɗanda za a nazarta, da ƙaramar hukumarsu, da jiharsu, da ƙasarsu, kai ka ce akwai wata Bungudu a Indiya da ake tsoron a rikita ta da tamu, sannan a rufe da "daga 1996 zuwa yau", don kowa ya san mun san shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato. A cikin babi wannan kai yana da fili, ya miƙe ƙafa son ransa. A ƙumshiya kuwa layi ɗaya aka ba shi, kuma lambar shafi na jiransa a bakin dama.

Takardar shirin taro ta fi wannan. Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau, ko 'Yandoton Tsafe, ko Sarkin Fulanin Bungudu, waɗannan sarauta ce, ba mai taɓa ta. Amma mu talakawa fa? Alhaji Dakta Injiniya Kwamared wane, shugaban kaza mai barin gado, zai gabatar da jawabi a shafi na 4. Wane yaro ne zai cire "Injiniya" don layi ya isa? Gara a rage girman rubutun har sai mai karatu ya nemo tabarau, da a rage wa Alhaji girma.

Sai ɗigo-ɗigo. Allah ya jiƙan maɓallin aya a shagunanmu, shi ne harafin da ya fara gogewa a kowane allon taifin. Yaro zai rubuta "Gabatarwa", ya ɗora yatsa a kan aya ya danne, ɗigo su yi ta gudu kamar jerin cinnaku, ya saki, ya sa lamba. Layi na biyu haka, na uku haka. Ya ja baya ya ƙanƙance ido, wai ido ba mudu ba ya san kima, ya ƙara ɗigo biyu a nan, ya goge ɗaya a can. A fuskar kwamfuta kamar sun daidaita, takarda na fitowa daga firinta sai ka ga lambobin sun yi sahun sallar yara, wannan ya yi gaba wancan ya noƙe. Dalilin kuwa ba aljanu ba ne: a Times New Roman, wanda makarantu suka fi nema a girma 12, kowane harafi da faɗinsa, "m" ta ci wurin "i" fiye da biyu, don haka ragowar filin kowane layi daban yake, ɗigo kuwa ba ya rabuwa biyu.

In dogon kai ya zo, nan ake fito da dabarun gado. Wani ya buga enta a tsakiyar magana, ya tura layi na biyu da sifes, tak, tak, tak, har ya zo ƙarƙashin na farko. Wani ya matse haruffa su rungumi juna. Wani ya datse wutsiyar kan ya sa "da sauransu", ya miƙa lamarin ga Allah. Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah da ta ga lambar shafinta ta faɗo ita kaɗai a layi na uku, can gefen hagu, kamar marainiya. Ta ce, "Ƙanena, mi a wanga?" Ya ce, "Hajiya, ki bari, in an yi bayindin ba ya nunawa." Ta yarda, ni ma na gyaɗa kai, don ni ma an taɓa faɗa mini haka na yarda.

Abin dariyar shi ne Word ɗin da muke wahala a kansa ya iya aikin nan tun kafin a haifi yaron shagon. Ka sa wa kowane kai salon Heading 1 ko Heading 2, ka ce ya haɗa ƙumshiya, zai jero su da lambobinsu, ɗigon ma shi zai zuba ta hanyar tab guda da aka kafe a dama. Dogon kai kuma akwai maganinsa a 'yar rular da ke saman shafi: ka ja alamar dama ciki kaɗan don rubutu ya karye kafin ya shiga gonar lambobi, ka sa layi na biyu ya rataya ƙarƙashin kalmar farko da Ctrl da T. In shafuka sun motsa, F9 ta sabunta komai. Duk mun ji labarin nan, wasunmu har satifiket ɗin kwamfuta gare su a jakar takardu. Amma ranar da mai shago ya gwada, sai ƙumshiya ta fito da nata samfurin rubutu, kuma aikin da Rabi'at aka buga shi, samfurin nan mai ƙugiya da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar wa Hausa. Nan take "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya", mai aiki ya dafe kai, mai shago ya ce ai dama ya faɗa, wannan gyaran gangar Auzinawa ne, aka goge aka koma wa aya.

Masu maɗaba'a kuwa ƙyale su. Akwai dattijon da har gobe PageMaker yake riƙe da shi, wanda fitowarsa ta ƙarshe tun 2001 ce, akwai matasan da littafi sukutum a CorelDRAW suke jera shi, shafi-shafi kamar katin biki, sunaye a akwati ɗaya, lambobi a wani akwatin, in kai ɗaya ya karye biyu duk lambobin da ke ƙasa su zame su auri maƙwabta.

Kuma duk wannan gumi a kan lambobin da ba gaskiya suke faɗa ba. Ana gama ƙumshiya sufabaiza zai ce a ƙara sakin layi uku a babi na biyu, komai ya matsa gaba, ba mai komawa ya gyara. Nawa kundin yana nan a gida, ya ce kammalawa na shafi na 61, ita kuwa tana 66 tana hutawa, shekara da shekaru ba wanda ya kai ƙara. Laifi tudu ne, kowa ya buɗe nasa ya duba kafin ya yi mini dariya.

Baiwar Allahn nan ma na sake haɗuwa da ita bayan mako guda, kundi huɗu a hannu, an riga an yi musu bango mai rubutun zinariya. Malaminta ya ce a ƙara "da kewaye" bayan sunan garin. Yaron ya karɓa ya jujjuya, bai ce uffan ba, ya buga layin shi kaɗai a farar takarda, ya jawo reza da gam daga aljihun tebur, ya ce, "Hajiya, riƙe mini nan."