Ranar sallamar tayar amalanke

Tsakanin Tasawa da Mayahi, tayar amalanke ba ta mutuwa sai a gaban shaidu: ranar kasuwa, da lodin gero, cikin yashin Gulbin Kaba. Mai ita zai ce ai zanenta bai goge ba. To yashi ba ya cin zane; rana da shekaru ke busar da roba, har gefenta ya tsattsage kamar diddige mai faso. Lambobi 4 da ke jikinta ma sun tona mako da shekarar da aka ƙera ta. Masu kukan tsadar wata taya su lissafa abin da mai faci ya ci a bana. In faci ya hau kan faci, a sallame ta, ta je ta zama takalmi. Jaki ma sai ya gode.