Baƙuwar Amurka a Kududdufin Kawu

Bazara ta yi nisa, kududdufin bayan gidan Kawu a Gwandu ya ƙafe ƙaf, sai ya sa mu haƙar ƙasar tubali don gyaran katanga kafin ruwa ya sauka. Ina cikin sara da diga wani curi ya dare, ga wata busasshiyar jaka a ciki, an naɗe ta tsaf. Na zungure ta da ƙota. Ta yi gurnani.

Kawu ya ja da baya yana salati. Tela ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a Legas, bai san kifi ba sai a miya. A wurinsa magana ta ƙare: asiri aka binne masa, kuma ya san mai aikin, tunda sun daɗe suna rigimar iyaka da maƙwabcinsa. Ya hana a kira kowa a unguwar. "Ɗana, duk bakinsu ɗaya!"

Ni kuwa ɗan boko, na ce a kawo bokiti da ruwa. Kafin la'asar jakar ta jiƙe ta saɓule, wata aba mai santsi ta miƙe, tsawonta ya kai kamu guda, kai a faɗe, idanu mitsi-mitsi, ga wasu zarurruka huɗu inda ya kamata a ga ƙafafu. Na ɗauki hotonta na tambayi waya. Waya ta ce salamanda ce, dangin kwaɗo mai jikin maciji, da ke zaune a fadamun kudu maso gabashin Amurka. Na ƙara bincike, na ga duk Afirka ba a samun salamanda sai can arewa, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Wato ni ne mutum na farko da ya tono ta kudu da Sahara! A daren nan har na zaɓi rigar da zan sa ranar da 'yan jarida za su zo.

Da safe na shiga motar haya na nufi Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take, don masana su gani. Saboda tausayi na cika bokitin maƙil, na danne da murfi, kada baƙuwa ta rasa ruwa. Tun kafin Birnin Kebbi ta fara dukan murfin. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Malam, mi ka ɗauko muna?" Na ce binciken kimiyya ne. Na ɗaga murfin in duba lafiyarta, ta turo baki sama ta zuƙi iska, na kai yatsa in mayar da ita, ta datse shi. Ihun da na yi ya sa direba taka burki, rabin ruwan ya tafi cikin buhun garin wani bawan Allah, wanda sai da na biya.

Ban kai ƙofar jami'a ba. Ina sauka a Kalgo, yatsa naɗe da hankici, wata tsohuwa mai tallar bandar kifi ta leƙa bokitin.

"Ɗan nan, wagga gaiwa ta sayarwa ta?"

Na ce, "Inna, daga Amurka take."

Ta yi dariya har ɗankwali ya zame. Ta ɗaga takardar da ta rufe tirenta, ga 'yan'uwan baƙuwata nan a jere, an yi musu banda sun yi baƙi. Ta ce mijinta Basarke ne, da rani ba ya neman su da taru, da fartanya yake tono su a fadama. Da ta ji yadda na danne murfi, sai ta kama baki. Gaiwa huhu gare ta, in aka hana ta leƙowa sama ta shaƙi iska, nutsewa take ta mutu, kifi a tsakiyar ruwa. In tafki ya fara ƙafewa sai ta kutsa cikin laka, ta naɗe, majinar jikinta ta bushe ta zame mata jaka, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni tana rayuwa da naman jikinta, abin da ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci.

Don kare mutuncina, ba ni kaɗai ta ruɗa ba. Da aka kai 'yar'uwarta ta kogin Amazon Turai, masanin da ya bayyana ta a 1837 bai yarda kifi ce ba. Sai a 1839 Richard Owen na Ingila ya duba irin tamu, wadda aka kai masa daga Gambiya, ya yanke cewa kifi ce. Na faɗa wa tsohuwar wannan. Ta ce da sun zo Kalgo da ba su sha wahala ba.

Ta taya gaiwar da kuɗin da bai kai na motar komawa ba, ta ce ai ta rame. Na sallama. Sannan ta ce bokitin ma in na sayarwa ne tana so.