Ƙusar da Ta Girme Ni

Ranar Talatar nan ƙusa ta yaga mini riga a Kankiya. Shadda ce sabuwa dal, sawa ta biyu ke nan, kuma ba zan faɗi kuɗinta ba, don uwargida tana karanta wannan shafi, abin da na gaya mata kuwa daban ne. Ɗaurin aure za ni Kusada, na ce bari in biya in gaida Kawu a majalisarsu ta wajen mai shayi, nan bakin titin Kano zuwa Katsina. Aka ce bismilla, aka nuna mini ƙarshen benci, na zauna. Na zo tashi sai na ji ƙiii, daga bakin aljihu har kusan gwiwa.

Ban yi faɗa da kowa ba. Dutse kawai na duƙa na ɗauka zan buge ƙusar ta shige, don kada ta sake cin rigar wani bawan Allah. Wallahi da wuƙa na zaro da ba a yi mini caa haka ba. Mutum biyu suka riƙe mini hannu, na uku yana salati. Kawu ko kofinsa bai ajiye ba, ya ce, "Kai yaro, aje dutsen nan. Ƙusar nan ta girme ka."

Shekarata arba'in da bakwai, da furfurata, da 'yata a ɗakin miji.

Wani tsohon hedimasta da ke tsakiyar benci shi ya fara kawo hujja ta ilimi. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da take riƙe da shi?" Na ce ban sani ba, Malam. Ya ce, "To mu ma ba mu sani ba. Shi ya sa ba a taɓa ta." A cewarsa, kana buga ta katakon zai iya tsagewa, in ya tsage ƙafar benci ta fita, in ƙafa ta fita dattawa shida su zube ƙasa a bainar jama'a, kuma a cikinsu akwai mai hawan jini. Wani Alhaji ya ce rigar da aka rubuta za ta yage, ko a cikin akwati take sai ta yage. Wani kuma ya sassauta murya ya ce a wannan zamani na rashin tsaro, da ƙusar suke gane baƙo. Ɗan gari ya san inda take. Duk wanda ya tashi da riga a yage, sai a bincika daga ina yake, wurin wa ya zo. Wato ita ce kaɗai mai gadin da ba ta barci, ba ta kuma taɓa neman na goro ba.

Kawu ya bari duk suka gama, sannan ya rufe taro. Yau ka buge ƙusa, gobe wani ya ce bencin ya tsufa, jibi a kawo kujerun roba, gata yara su zo su zauna suna danna waya suna miƙe ƙafa a gaban iyayensu, daga nan kuma sai tashin duniya.

Da na lura sai na ga ashe akwai zama na musamman da ƙusar ta koya musu. Mutum zai tattare riga da hannun hagu, ya karkata ɗuwawu, ya ɗora nauyinsa a ɓangare guda, kamar mai zaman tahiyar ƙarshe. Shekara da shekaru muna ganin Kawu yana tafiya a karkace, har asibiti aka kai shi aka ce sanyin ƙashi ne, aka yi ta sayen man zafi. Ashe benci ne.

Wannan shi ne ra'ayin riƙau irin namu, wanda 'yan rediyo ke kira na 'yan mazan jiya. Kuma Kawu ba ya ɓoye shi. Kullum faɗi yake shi mutum ne mai magana ɗaya, inda ya taras da iyayensa nan yake. Mahaifinsu ɗan fartanya ne, NPC ta Sardauna, wanda ko tauraro ya gani a sama sai ya kau da kai don kada a ce ya kalli alamar NEPU. To amma ku biyo ni mu ƙirga. A 1979 Kawu ya dangwala wa gida da masara, NPN, ya so Lawal Kaita, sai mabuɗin PRP ya buɗe wa Balarabe Musa gidan gwamnatin Kaduna, lokacin Katsina ba ta zama jiha ba. Balarabe ya soke haraji da jangali. Kawu ya ce wannan rashin kunya ne, talakan da ba ya biyan haraji zai raina hakimi, amma ban ji labarin ya ɗauki nasa ya kai wa mai gari don raɗin kansa ba. Da majalisar 'yan NPN ta tsige Balarabe a 1981, kaza ya yanka. A 1991 ya bi mikiyar NRC da Sa'idu Barda, ya ƙi dokin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wai yaron ɗan PRP ne da ya saɓa wa gidansu. A 1999 ya shiga ƙarƙashin lema ya zaɓi Umarun nan dai. Daga nan masara, daga nan alƙalamin CPC a 2011, daga nan tsintsiya. A 2015 da idona na gan shi, mutumin da ya hana a buge ƙusa, tsaye a bayan a-kori-kura yana kaɗa tsintsiya yana ihun "Canji!" har muryarsa ta dishe.

Na tuna masa. Ya ce, "Ni ban motsa ba. Jam'iyyun ne ke zuwa suna wucewa ta gabana."

Gaskiya guda, ba zan zalunce su ba. Mutanen nan sun sha canji sun ƙoshi, kuma ba kasafai ya zo musu da alheri ba. A 1972 aka ce mota ta koma hannun dama, a 1973 aka ƙwace musu fam da sule aka ba su naira da kwabo, har yau akwai tsofaffin da sai sun mai da kuɗi fam a zuci kafin su san an cuce su ko ba a cuce su ba. Ƙarshen 2022 aka ce an sake wa naira fenti, farkon 2023 tsohuwa ta haramta, sabuwa ba a ganinta. Mutum da buhun gero da akuya a ƙofar gida amma ba shi da na cefane, dattijo mai jikoki yana bin yaron POS yana ce masa ranka ya daɗe. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai ɗari biyu ba ta haura ɗari biyar kafin mako ya zagayo. Wanda duk aka yi wa haka, in ka zo masa da dutse a hannu kana cewa gyara za ka yi, dole ya riƙe maka hannu. Da aka dawo da tsohon taken ƙasa a 2024, Kawu kwana uku yana murna, wai gwamnati ta fara hankali. Ko baiti ɗaya bai iya ba, na tsohon da na sabon.

Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Wa ake nuna wa ƙarshen benci? Ban ga hedimasta a kan ƙusa ba. Ban ga Kawu ba. Alhajin da ya yi wa'azin ƙaddara yana can ɗaya ƙarshen, har da 'yar dardumarsa a ƙasa. Wurin ƙusa na yaro ne, da baƙo, da wanda ya zo neman rance. Haka abin yake har sama. Masu ce mana a bar komai yadda aka gada, a yi haƙuri, a bi na gaba, 'ya'yansu suna karatu a Ingila da Masar, matansu suna haihuwa a Dubai, kai kuma ɗanka yana zaune a ƙasa a ajin da iska ta yaye wa kwano tun daminar bara waccan. In ka buɗe baki a ce ba ka da tarbiyya. Su ba su gaji jahilci ba, mu ne aka bar wa shi gado, aka ce mu riƙe da kyau kada ya ɓace. In zaɓe ya zo a kawo atamfa da taliya da sabulu, a ce mana ai siyasar gidanmu ke nan tun kaka da kakanni. Wane kakan ne ya ci taliyar leda?

Ai ma in za a bi salsala, me ke wurin nan da aka gada? Bedin da suke fakewa a inuwarsa ɗan Indiya ne, zamanin Turawa aka kawo shi. Shayin da Kawu ke cewa in bai sha ba bai karya ba, da burodin, da madarar gwangwani, duk kakansa bai san su ba, da koko da ƙosai ya yi zamaninsa, ya kuma fi mu lafiya. Sarki Dikko, wanda ya hau gadon Katsina a 1906, tun 1921 ya je Ingila ya je Makka ya dawo, ya rungumi wasan folo, yau kuma in ana lissafin al'adun Katsina sai an sa folo a ciki. Na tabbata ran da aka fara buga ƙwallo a kan doki, akwai wani kawu a gefe yana cewa duniya ta zo ƙarshe. Mu fa mutane ne da muke da gari guda a ƙasar Kusada, cike da shaguna da motoci da masu tsire da 'yan acaɓa, amma har gobe sunansa Gidan Mutum Ɗaya. Ba wanda ya ce a sake ƙirgawa.

Da na je biyan kuɗin shayi, mai shayin ya jawo ni gefe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Alhaji, kada ka ce ni na faɗa maka. Bencin nan bayan zaɓen 2015 na sa kafinta ya yi shi, na da ɗin gara ta cinye. Ƙusar ni na buga ta da dutse, wata rana da katakon ya ɗaga, magariba ta yi ban ƙarasa ba." Na ce to me ya hana ka faɗa musu? Ya ce ya taɓa gwadawa, hedimasta ya ce shi da idonsa ya ga Sardauna ya rataya hularsa a jikinta.

Haka na tafi Kusada riƙe da gefen riga kamar mai shirin tsallake kwata. Ana gama shafa fatiha wani da ban taɓa gani ba ya leƙo ya dubi yagar, ya ce, "Sannu. Ka biya ta Kankiya ke nan ka gaida dattawa." Ƙusar nan ta fi wasu 'yan takara suna a mazaɓar Kankiya da Kusada da Ingawa, in ta sami jam'iyya ba na ba kowa tabbas.

A hanyar dawowa na tsaya wajen wani tela da ke 'yan taku kaɗan daga majalisar. Bai tambaye ni komai ba. Ya shimfiɗa rigar, ya auna yagar da tafin hannu, ya ce taƙi biyu da rabi, ashe da sauri ka tashi. Ya buɗe wata leda, sai ga zare kala-kala an jera, na shadda daban, na yadi daban. Ya faɗi kuɗi ba ragi, ya ce in dawo Alhamis don akwai mutum biyu a gabana. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni, fuskarsa duk ta canja.

"Alhaji, na ji an ce ka ɗauki dutse. Ba dai ka same ta ba ko?"