Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Dikoda

Hajiya Dikoda,
Ƙarƙashin Talabijin,
Falon Maigida, Kano.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki a kunne, fitilarki koriya shar. Ya gajiyar zama? Ya haƙuri da ƙurar da yara suke mantawa su goge miki?

Dalilin rubuto miki shi ne mu yi maganar da muka daɗe muna haɗiyewa. Labarin zuwanki ya riga ki isowa da shekaru. Tun 2006 ƙasashe suka zauna a Janeba suka amince cewa ranar 17 ga Yunin 2015 za a sallami tsohon tsarin analog. Mu a Najeriya har zumuɗi muka yi, muka ce a 2012 za mu gama. 2012 ta wuce, 2015 ta wuce, aka ce 2017, ita ma ta bi sahu. A Jos kika fara sauka a Afrilun 2016, kika shiga Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna da Ilori a 2017, Kano kuwa sai Nuwamban 2021. Ba mu riƙe ki da wannan ba, ba ke kike sa rana ba. Dama 'yan uwanki masu kuɗin wata sun riga ki shigowa gari, kuma mun lura halinku ɗaya, saboda haka ki karanta musu wannan takarda.

Alherinki ba a ɓoye yake ba. Layin da a da tasha ɗaya take cinyewa, yanzu tashoshi fiye da goma kike jerawa a kansa, hoto garau, murya ba shuuu. Mun gode. Ƙorafinmu a kan halinki ne na kaifi ɗaya.

Yayanki Analog mutum ne mai sauƙin kai. Kamar mai awon unguwa yake: in kuɗinka bai kai mudu ba, ya auna maka rabi, ya ce Allah ya sa albarka. Hadari ya taso, hoto ya yi dishi-dishi, mai karanta labarai ya rabu biyu, shi da inuwarsa, amma dai kana jin abin da yake faɗa. A haka iyayenmu suka kalli Samanja, kuma ba su rasa inda za su yi dariya ba. Ke kuwa ba ki san ciniki ba. Ko ki ba da hoto har ana ƙirga gashin giran mutum, ko ki murtuke ki rubuta mana da Turanci cewa babu sigina. Abin da ke tsakani ɗan lokaci ne: fuskar mutum ta farfashe gida-gida, bakinsa ya ƙame a buɗe, murya ta yi ƙit-ƙit, shi ke nan.

Masu gyara sun ce wai ba girman kai ba ne. Wai ke ba hoto ake aiko miki ba, lambobi ne, an kuma haɗo su da wasu lambobin na gyara. In kaɗan suka lalace a hanya, sai ki lissafo su ki cike gurbi ba tare da mun sani ba. Sai ɓarnar ta fi ƙarfin lissafinki, sannan ki saki komai gaba ɗaya. To Hajiya, ai nan gizo yake saƙar. Ashe tun jiya kin san ana bakin rami, kika ja bakinki kika yi shiru kina nuna mana hoto tangaran, sai da alƙalin wasa ya nuna fenareti sannan kika daskare.

Kin kuma lalata mana sana'ar juya eriya, wadda kowane gida yake da gwaninta. A da yaro ya hau rufi yana murza gora, na ƙasa suna ihu: “Ƙara! Ƙara! Ya yi! Koma baya kaɗan!” Hoto yana gyaruwa a hankali, kowa yana ganin inda aka dosa. Yanzu sai kin yi 'yan daƙiƙu kina nazari kafin ki nuna komai. Kafin a ce “ya yi”, yaron ya wuce wurin da taku biyu. Ya dawo, ya sake wucewa. Kwano ya ɗau zafi, ƙafarsa tana toyewa, uwarsa tana tsakar gida tana salati.

Alhali kina da abin da zai raba gardama, kin ɓoye shi can cikin saituna, bayan ƙofa uku. Sanduna biyu nake nufi, ta ƙarfin sigina da ta ingancinta. Me ya hana ki fito da su fili? Da mutane sun san ta biyun ce mai magana, da an huta. Sau da yawa ƙarfi yana cike taf, inganci yana kwance, saboda siginar da ta daki rufin kwanon maƙwabci ko dogon bene ta dawo a hargitse, ko kuma hayaniya ta cakuɗu da ita. Mai irin wannan matsala sai ya tafi kasuwa a sayar masa da busta. Busta kuwa ba ta tacewa, duk abin da ta tarar shi take ƙara wa ƙarfi, har da shara. Wanda yake nesa da turken watsa shirye-shirye, ko mai doguwar waya, tana iya yi masa rana in an ɗaura ta kusa da eriya. Wanda yake gindin turken kuwa, ƙara toshe miki kunne za ta yi. Haka ake sayar wa bayin Allah eriya mai kwali mai walƙiya, a ce wai ta dijital ce. Ke kin san babu wani abu eriyar dijital. Tsohuwar nan mai haƙarƙari ta zangon UHF, in tana sama, ta fuskanci turke, ba abin da ya tare ta, ta wadatar. Kin sani, kin yi gum.

Ki bari in wanke ki a wuri ɗaya, don adalci. Yawancin zagin da kike sha, na waya ne. In aka kwance kan wayar da ta kwana damina biyu a waje, sai a tarar jan ƙarfen tsakiya ya yi kore, ragar da ta kewaye shi ta rube ta zama gari, wani lokaci har ruwa ya ɗigo. Ko kuma wanda ya fere ta da reza ya bar silin raga guda ɗaya, siriri da ƙyar ido yake ganinsa, ya taɓa ƙarfen tsakiya. Wannan silin kaɗai ya isa ya hana gida guda kallon labaran ƙarfe tara. A yanke inda ya rube, a sa sabon kai, a naɗe da tef, sai ga ki kin warware kamar ba ke ba. Haka in maigida ya raba waya ɗaya zuwa ɗakin uwargida da na amarya, kowace ƙasa da rabi take samu. Ya yi adalci, amma sigina ba ta kai ba.

Sauran abokan gabarki kuwa ba sa ƙirguwa. Darbejiyar da ta yi sabon ganye ta jiƙe da ruwa, janareton mai shago, babur mai tsohon fulogi, ƙwan lantarki mai arha, duk kina fushi da su, mu kike hucewa a kanmu. Wani lokacin ma daga can tashar aka ɗauke wuta, talabijin ɗin unguwa duk suka yi duhu, kowa yana kan rufinsa yana zargin eriyarsa, ba wanda ya leƙa ya tambayi maƙwabci. Wani lokacin kuɗin shekara ne ya ƙare, duk da an ce mana kyauta kike. Sannan ga mugun tarkon nan na sake binciken tashoshi. In an sauya wa tashoshi layi, shi ne magani. Amma in mutum ya danna shi a daren da sigina ta yi rauni, sai ki goge waɗanda yake da su, ki dawo masa da hannu rabbana.

Buƙatunmu ba su da yawa. In inganci ya fara sauka, ki yi mana gyaran murya tun hoto yana nan. Ki koyi yin ƙara mai tashi da sauka, yadda na kan rufi zai ji da kunnensa ba sai an yi masa ihu ba. In kuɗi ne ya ƙare, ki ce kuɗi ne, da Hausa. In daga tasha ne, ki ce kowa ya sauko.

Ba barazana nake yi ba, amma ya kamata ki sani: yaran gidan sun koma wayar hannu, uwargida kuma ta karɓo lambar mai ɗaura dish.

Haza wasalam.

Naki mai biyayya,
Maigidan da kike zaune a falonsa.