Babarbaren Walia Ya Kalli Rabin Tsere

Kai Babarbare, bawan gidanmu, labari ya iso mini cewa tun da ka leƙa tseren Formula 1 a talabijin ɗin mai shayi, fasinjojin kilando na Walia ba su sake samun sakat ba. Wai kullum kai ne a gaban layi a bakin gadar Chagoua, ka turo tayarka ta wuce ta kowa, kana ta murɗa totur. To zauna ubangidanka ya karantar da kai.

Su can, ranar Asabar ake gwajin neman gurbi, kashi uku. A kakar 2025 motoci 20 ke shiga kashin farko na minti 18, a zubar da biyar na baya. Kashi na biyu minti 15, a sake zubar da biyar. Goman da suka rage su fafata minti 12, wanda ya fi kowa sauri a zagaye ɗaya shi ne a gaba ranar Lahadi. Iyakar abin da ka gani ke nan ka tashi, ko kuɗin shayin ba ka biya ba.

Lahadi kuwa ranar lissafi ce. Da wace taya za a fara, mai taushi da ke gudu amma ta cinye da wuri, ko mai tauri da ke jurewa? Yaushe za a shiga a canza? Doka ta ce in ba ruwa ake yi ba, dole a yi amfani da iri biyu. Makanikan McLaren sun canza tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Kai fa? Tayarka ta baya ta yi sanƙo tun kafin ambaliyar 2022, mai faci ya san ta fiye da 'ya'yansa.

Ka tambayi Charles Leclerc. A 2022 shi ne a gurbin farko a Monako, garinsu, ruwa ya sauka, Ferrari ta kira shi canjin taya har sau biyu a kusa da juna, ya ƙare na huɗu, Sergio Perez ya ɗauke kofin. Na san bakinka, za ka ce ai a 2024 daga gaba ya fara kuma ya ci. Haka ne, titin Monako matsattse ne, goman farko yadda suka tashi haka suka ƙare. Amma shi da isasshen mai ya fita. Kai da rabin kwalbar fetur ta bakin titi kake fitowa, a tsakiyar gada babur ya yi tari ya mutu, ka sauka kana turi, baiwar Allah na bin ka a ƙasa da kwandon kifinta, mai amalanke ya wuce ku yana yi muku sannu.

Kada ka ce garin nan bai taɓa ganin gwanaye ba. A 1992 tseren Paris zuwa Cape Town ya ratso ta Njamena ya nufi Sarh, kuma Stéphane Peterhansel ne ya ci na babura a kan Yamaha, bayan dubban kilomitoci na rairayi da daji.

Gobe ka cika tanki, ka sa sabuwar taya, ka zo ka kai ni Ngueli kyauta. Ka haɗo da kuɗin shara, Cika-ciki ta wuce ban ga ko dala ba.