A Sara wa Gwanin Tsimi

Duk wanda ya san zafin nema dole ya sara wa Robert McNamara, wanda ya baro shugabancin kamfanin motoci na Ford ya zama sakataren tsaron Amurka a 1961. Da zuwansa ya gano abin da ya shige wa janar-janar duhu: don me za a ƙera jirgin yaƙi iri biyu alhali ɗaya ya isa? Sojan sama na son jirgin da zai yi ƙasa-ƙasa a guje ya zuba bama-bamai, sojan ruwa kuwa na son wanda zai daɗe yana shawagi yana gadin jiragen ruwansu. To ai duk tashi ne! A 1962 aka ba kamfanin General Dynamics kwangila, kamfanin Grumman ya karɓi aikin na ruwan, aka raɗa masa suna F-111B.

Gyaran da za a yi don ya dace da sojan ruwa ma ba wani mai yawa ba ne. Ƙugiya ce kawai a wutsiya don cafke igiyar ƙarfe, sai ƙafafu masu kauri, tunda sauka a doron jirgin ruwa faɗuwa ce da gangan. Sai a gajarta hanci don ya shiga lif ɗin jirgin ruwan, a cusa ƙatuwar rada, a rataya masa makamai masu linzami Phoenix guda shida. Jirgi ya yi ta ƙiba, tubarkalla, alamar yana samun kulawa. Mu nan Gombe mun fahimci hikimar: ka ɗauko tirelar siminti daga Ashaka ka ɗora ta a kwale-kwale a Dadin Kowa, in ta nutse ai laifin ruwa ne.

Guda bakwai aka ƙera, kuma kowanne ya fi ƙarfin injinsa. Wani hafsan sojan ruwa mara kunya, Tom Connolly, ya je gaban sanatoci a 1968 ya ce babu ƙarfin injin da zai gyara jirgin nan. Majalisa ta biye masa ta tsuke bakin aljihu. Aka koma aka ƙera wa sojan ruwa F-14 Tomcat, ya fara tashi a 1970. Ka ga an samu jiragen nan biyu da ake gudu, ga kuma kuɗin na uku an biya lakadan.

Shi kuwa gwanin, ba a bar basirarsa ta tafi a banza ba. A 1968 ɗin aka ba shi Bankin Duniya, ya shekara 13 yana koya wa ƙasashe irin namu yadda ake tattalin kuɗi.